Jan Ruwan Inabi Mai Sauƙin Kuɗi da Abincin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Na yi shekaru ina aikin teburi a wani otal, ina buɗe kwalabe, ina zuba wa baƙi, ina kallon fuskokinsu idan sun kurɓa. Rabin abin da na sani game da jan ruwan inabi a can na koye shi, sauran kuma a gidana, inda ba mai biyan kuɗin kwalba sai ni. Tambayoyin nan su ne aka fi yi mini. Wasu daga masu sha suke, wasu kuma daga waɗanda ba su taɓa sha ba kuma ba su da niyya, sai dai aiki ko tafiya ko surukuta ta zaunar da su a teburin da ake ajiye shi. Sunayen inabin na bar su yadda suke a jikin kwalba, tunda da su ake nema.

Kafin a je ko'ina, wannan "ruwan inabin" giya ne ko ba giya ba ne?

Abu uku ake kira da suna ɗaya a kantunanmu, kuma daga nan ruɗanin ya taso. Na farko ainihin giyar inabi ce: an matse inabi, yis ya cinye sukarin da ke ciki ya mai da shi barasa. Wadda ake ajiyewa a teburin abinci tana da barasa kashi 12 zuwa 15 cikin 100, kusan ninki uku na giyar kwalba. Tana sa maye, babu kwana-kwana. Na biyu ruwan inabi ne da ba a taɓa bari ya tsimu ba, irin su Eva da Pure Heaven da ake fasawa a wurin biki suna kumfa. Wannan lemo ne ya samu kwalbar alfarma. Na uku giya ce da aka gama yi, sannan aka zare barasar da na'ura, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda ta riƙe har rabin kashi 1 cikin 100.

Ga Musulmi, na farko haramun ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida a fili take, ga kuma hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Na biyu ba shi da wata magana. Na uku a nan malamai suka saɓa. Majalisar fatawa ta Malesiya, alal misali, ta hana duk abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi, ko da an cire barasar daga baya. Kiristoci ma ba bakinsu ɗaya ba, coci-coci da yawa a Arewa ba sa yarda da sha sam. Hasali ma wani ɗan ɗarikar Metodis a Amurka, Thomas Welch, shi ya fara dafa ruwan inabi a 1869 don kada ya tsimu, saboda a samu na jibin Ubangiji marar barasa. A Kano da wasu jihohin da ke aiki da Shari'a kuwa, sayar da giya laifi ne, kuma Hisba na farfasa kwalabe a bainar jama'a. Kowa ya san gidansu.

Me ya sa yake ja? Kala ake zubawa?

A'a. Ka ɓare jan inabi ka gani, cikinsa fari ne. Launin a ɓawo yake. Ana barin ruwan ya kwana da ɓawon da 'ya'yan na wasu kwanaki ko makonni, sai ya ɗauki ja, kamar yadda ruwa ke ɗaukar jan zoɓo.

Na taɓa kurɓa sai na ji bakina ya bushe, harshena ya ɗaure. Lalacewa ya yi?

Bai lalace ba. Bauri ne, kuma wanda ya gane bauri ya gane yawancin maganar haɗa jan ruwan inabi da abinci.

Bahaushe ba baƙon bauri ba ne. Shi ne abin da kake ji idan ka ciji goro, ko ɗanyen kanya, ko ka sha shayin da ya daɗe a kan wuta babu madara. Turawa na kiran sinadarin tanin, kuma sunan daga sana'ar jima ya fito. Irinsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita: yana kama furotin ɗin da ke cikin fata ya ɗaure shi. Abin da bagaruwa ke yi wa fatar akuya a cikin tukunyar jima, shi ne wannan ruwan ke yi wa yawun bakinka a ɗan ƙanƙanin mataki. Yawun ya rasa santsinsa, sai ka ji bakin ya yi kaushi.

To idan akwai nama mai kitse a bakin, baurin ya samu wani abin kamawa ba harshenka ba. Sai ruwan ya yi laushi, shi kuma ya wanke maiƙon da ya shafe baki, loma ta gaba ta zo kamar ta farko. Gishiri ma yana kwantar da shi. Shi ya sa kwalbar da ta yi maka tsauri kana zaune haka kawai take zama wata aba dabam idan balangu ya iso. Daga ɓawo da 'ya'yan inabi baurin ke fitowa, wani lokaci da gangar katakon da aka ajiye ruwan a ciki. A cikin ire-iren inabi, Cabernet Sauvignon ya fi yawansa, Malbec da Shiraz na biye, Merlot tsaka-tsaki, Pinot Noir da Gamay kaɗan.

Kawu, ina ganin mutane na juya kofi suna shinshinawa. Ba iyayi ba ne kuwa?

Akwai iyayi a ciki, ɗana, na ga masu yi da yawa. Amma akwai dalili. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jin sa, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin miya. Juyawar na sa ƙamshin ya taso. Zuba kashi ɗaya cikin uku na kofin kawai, don ya samu wurin juyawa. Duba shi a kan farin abu: ja mai ratsin shuɗi alamar sabo ne, mai komawa ruwan ƙasa ya fara tsufa. Sannan ka shinshina.

Littattafan Turawa za su ce maka yana ƙamshin wasu 'ya'yan itacen da ba mu taɓa gani ba. Rabu da su, nemi naka. Ni nakan ji ɗinya, dabino, tsamiya, kanumfari. A Shiraz sau da yawa akwai ƙamshin masoro, kuma ba ƙarya hanci yake yi ba: masu bincike a Ostareliya sun gano a 2008 cewa sinadarin da ke ba masoro ƙamshinsa yana cikin wannan inabin. A Cabernet da Carménère na ƙasar Chile akan ji ɗanyen tattasai.

Idan ka kurɓa, riƙe shi kaɗan ka tambayi kanka abu huɗu. Yana da tsamin da ke tsinka yawu? Baurinsa ya kai ina? Akwai zaƙi? Barasar tana ƙona maƙoshi? Masu sana'ar ɗanɗanawa tofarwa suke yi bayan haka, in ba haka ba kafin kwalba ta goma ba su san abin da suke faɗa ba.

Mai arha ba zai taɓa kai mai tsada ba, ko?

An ce arha ba ta ado, amma a nan karin maganar ba ta cika gaskiya ba. A 1976 wani Bature ɗan Ingila mai suna Steven Spurrier ya tara manyan masanan Faransa a birnin Faris, aka rufe sunayen kwalabe. A ɓangaren ja suka ba wata kwalba daga Kalifoniya matsayi na ɗaya a kan manyan gidajen giyar inabi na yankin Bordeaux a Faransa, ba su sani ba. A 2008 kuma aka buga wani bincike a Amurka da ya tattara ɗanɗanawa sama da 6,000 da aka yi ba a ganin farashi. Waɗanda ba su yi karatun abin ba ba su fi jin daɗin mai tsada ba, har ma sun ɗan fi karkata ga mai arha.

Kuɗin kwalba mai tsada yana tafiya ne a farashin gona, sabuwar gangar katako, shekarun ajiya, da suna. A nan gida sai a ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da tashin dala. A ƙauyukan Italiya da Sifaniya da Fotugal, ruwan inabi ba kayan alfarma ba ne, abokin abincin rana ne, kuma mai sauƙin kuɗi manomi ke sha. Sai dai arha ma tana da iyaka. Idan kwalba ta yi arhar da ba ta biya ko kuɗin dakonta ba, ka duba tambayar jabu a ƙasa.

To wanne zan nema idan aljihuna ba nauyi?

Guji sunayen da kowa ya sani, nemi maƙwabtansu. Daga Sifaniya, Garnacha na yankin Aragon da Tempranillo. Idan ka ga Rioja an rubuta Crianza, doka ta tilasta ya yi shekara 2, ɗaya daga ciki a gangar katako. Daga Italiya, Montepulciano d'Abruzzo, Nero d'Avola na Sisili, da Primitivo. Daga Faransa, Côtes du Rhône da Pays d'Oc. Fotugal tana da na Alentejo da Douro waɗanda sun fi kuɗinsu. Malbec na Mendoza a Ajantina da Merlot na Chile ba sa cika ba da kunya.

Afirka ta Kudu a nahiyarmu take, kuma tun 1659 ake matse inabi a can. Nasu na kansu shi ne Pinotage, wanda Farfesa Abraham Perold ya samar a Stellenbosch a 1925 ta hanyar auren Pinot Noir da Cinsaut. Wasu na son sa, wasu na cewa yana warin ƙonanniyar taya. Ni ina son sa da gasasshen nama, ba na kusantar sa da komai bayan wannan.

Murfin ƙarfe mai murɗawa ba alamar rashin kyau ba ce. A Ostareliya da Niyu Zilan har manyan kwalabe da shi ake rufewa.

An ce ba a sa ja a firiji. Gaskiya ne?

Wanda ya ce a sha shi da zafin ɗaki, ɗakin dutse na Faransa yake nufi, mai digiri 16 zuwa 18. Bai taɓa kwana a Maiduguri a watan Afrilu ba. Idan ya yi ɗumi, barasar ce ke fitowa gaba, ya zama kamar magani. Sa shi a firiji na rabin awa kafin a zuba. Marasa nauyi irin su Gamay sun fi daɗi a digiri 12 zuwa 14. Idan babu wuta, tsoma kwalbar a ruwan randa, ko ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye inda iska ke kaɗawa.

Zafi kuma yana kashe shi tun a kanti. Kwalbar da ta yi wata biyu a bakin taga tana shan rana ta dahu. Idan ka ga toshiyar ta ɗago, ko ruwa ya tsiyayo ya bushe a wuyan kwalbar, ajiye ta. Ɗauko ta can ciki, inda duhu yake.

Tsire, balangu, kilishi, farfesu: wanne ya dace da su?

A nan na sha kunyar da ba zan manta ba. Wata rana na yi baƙi, na fito da Cabernet mafi tsada da na taɓa saya da kuɗina, uwargida kuma ta kawo farfesun kan rago da ya ji attaruhu. Kurɓa ɗaya aka fara tari da share hawaye. Ƙarshenta zoɓon da ke firiji ne ya fitar da mu.

Dalilin shi ne barasa na hura wutar barkono, barkono kuma na sa bauri ya koma ɗaci. Duk yadda yaji ya yi yawa, sai a nemi mai ƙarancin barasa da ƙarancin bauri, mai sanyi, ko da ɗan zaƙi-zaƙi. Balangu mai kitse da aka ɗan barbaɗa wa yaji yana ɗaukar Malbec ko Cabernet ko Pinotage, kamar yadda mutanen Ajantina ke shan Malbec da gasasshen naman sa, mutanen Rioja kuma ke shan nasu da haƙarƙarin ɗan rago da aka gasa a kan busassun rassan inabi. Tsire ya fi yaji, ga ƙuli-ƙuli mai ɗan zaƙi da maiƙo, don haka Garnacha mai sanyi ko Beaujolais, wato na Faransa da ake yi da inabin Gamay. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Lambrusco, ja mai kumfa daga arewacin Italiya, wanda masu ji da kansu ke rainawa. Da kilishi ban samu kamarsa ba. Dambun nama ba shi da rigima, kusan kowanne ya shiga. Farfesu mai attaruhu kuwa a bar shi da ruwan sanyi.

Dafa-duka fa, ko shinkafa da miyar tumatir, ko taliya?

Wannan ya fi kowanne sauƙi. Tumatir na da tsami, kuma abin shan da bai kai abinci tsami ba sai ya zama salam a baki. 'Yan Italiya sun daɗe da warware wannan: Sangiovese, wanda da shi ake yin Chianti, da Montepulciano, da Barbera, duk masu tsami ne, tare da miyar tumatir suka girma. Tempranillo ma yana yi. Idan da soyayyar kaza a gefe, ya ƙara kyau.

Tuwo da miyar kuka?

Ba na yi, kuma ba na ba da shawara. Daddawa da dunƙulen magi suna fito da ɗacin bauri, yauƙin kuka ko kuɓewa kuma yana faɗa da abin da ke busar da baki. Na gwada sau da yawa don taurin kai, ban taɓa ganin wanda ya ƙaru ba, tuwon ko kwalbar.

Miyar taushe dabam ce. Kabewa na da zaƙi, gyaɗa na da maiƙo, yakuwa na kawo ɗan tsami, ga naman rago. Merlot mai laushi ko Côtes du Rhône na zama da ita lafiya, ko da masa aka ci ko da tuwon shinkafa.

Me ya sa ake cewa ja ba ya tafiya da kifi?

Yana fito da ƙarni. Masu bincike a Japan sun nuna a 2009 cewa sinadarin ƙarfen da ke cikin ruwan ne ke haɗuwa da man kifi ya bar wannan ƙarnin a baki. Bandar tarwaɗa a cikin miyar tumatir takan jure Pinot Noir mai sanyi, iyakarta ke nan.

Yaya, mijina ya ce idan an dafa nama da shi barasar na ƙonewa duka. In yarda?

Kada ki yarda, ƙanwata. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa, kusan kashi 40 cikin 100 na barasar na nan. Bayan awa 1 saura kashi 25, bayan awa 2 da rabi saura kashi 5. Wanda ake kunna wa wuta a kasko don burge baƙi kuwa, kusan kashi 75 na nan daram. Don haka shahararren naman san Burgundy da zakaran da Faransawa ke dafawa a cikin jan ruwan inabi ba su kuɓuta ba. Idan akwai Musulmi ko mai ciki ko yaro a teburin, a faɗa musu, ko a canza. Romon nama da ɗan ruwan tsamiya ko jiƙon zoɓo marar sukari yana ba da tsami da launin da ake nema.

Ni ba na sha. Me zan ajiye a teburi da zai yi wannan aikin?

Zoɓo, amma ba irin na leda mai sukari kamar alewa ba. Jan zoɓo da jan inabi dangin sinadari ɗaya ne, ga tsami, ga ɗan bauri, wato duk abin da ake nema a wurin nama yana da shi. Jiƙa shi a ruwan zafi, kada ya daɗe yana tafasa. Sa citta da kanumfari kaɗan, sukari rabin abin da hannu ya saba. Idan balangu za a ci, jefa ganyen shayi na minti uku don baurin ya ƙaru. Tace shi sosai, a sanyaya, a zuba a kofin gilashi. Ya ma fi giyar a wuri ɗaya: ba ya hura barkono, don haka har farfesu yana raka shi. Ba mu kaɗai muka san shi ba, karkade ne a Sudan, bisap a Senegal, sobolo a Gana, kuma wanda ake nomawa a Jigawa har Meziko ake kai shi.

Kwalaben biki masu kumfa sun cika zaƙi, sun fi dacewa da cincin da kek fiye da nama. Inabin da ake nomawa a Kudan ta jihar Kaduna na ci ne. Idan aka markaɗa shi da ɓawonsa aka tace, aka haɗa da zoɓo rabi da rabi, ana samun abin sha mai kyau, sai dai a shanye shi a ranar.

Ba an ce yana gyara zuciya ba?

An yayata haka tun farkon shekarun 1990, da aka lura Faransawa na cin kitse amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba. Maganar ta yi rauni daga baya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na masu jawo ciwon daji tun 1988, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin da za a ce ba shi da illa. Wanda ba ya sha kada ya fara da sunan magani. Mai ciwon hanta, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, da mai ciki, da mai tuƙi, ba nasu ba ne ko kaɗan.

Yaya zan gane jabu?

Yana nan da yawa. A Disambar 2023 NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba, ta tarar ana ɗura ruwan kala da barasa a tsofaffin kwalabe masu manyan sunaye. Haɗarin ba rashin daɗi kaɗai ba ne, wani ana haɗa shi da barasar masana'anta mai makantarwa da kisa. Duba lambar NAFDAC, duba ko takardar jikin kwalbar ta karkace ko gam ya fito, karanta rubutun ko akwai kuskure, murɗa hular wuyan ka ji ko an taɓa cire ta. Saya a wurin da za ka iya komawa gobe ka yi magana. Idan ka gama da kwalbar, yage takardar kafin ka jefar, don masu tsinta su suke kai wa masu jabun.

Na buɗe ban shanye ba. Kwana nawa zai yi?

Kwalba ɗaya mililita 750 ce, kofi biyar ke nan ko shida, saboda haka saura ba abin mamaki ba ne. Iska ce ke lalata shi. Mai da murfin nan take ka sa a firiji, zai yi kwana 3 zuwa 5. Masu bauri sun fi daɗewa, marasa nauyi sun fi saurin sallamawa. Idan rabi ya rage, juye shi a ƙaramar kwalba mai tsabta ka cika ta har wuya, zai ƙara kwana ɗaya ko biyu. Ranar da ka buɗe ka ji tsamin ya harbi hanci kamar na kunun da ya kwana, zubar.